Daga Fadar Bagadaza zuwa Rumfar Ma'aikata: Tarihin Yadi da Iska a Ƙasashen Hamada

Ranar wata Talata cikin watan Mayu, lokacin da bazara ta tsananta a Nguru har inuwar darbejiya ta daina amfani, Yayana ya kira mu ta bidiyo daga birnin Riyad, inda yake aiki a wata masana'antar gyara dabino da ƙunshe shi. Muna cikin gaisawa sai ya juya wayar don mu ga wurin aikinsa. Rumfa ce ta ƙarfe mai faɗin filin ƙwallo, kuma can sama, daga wannan bango zuwa wancan, wani farin yadi ne a miƙe, ya kumbura ya yi zagaye kamar gangar jikin giginya. Kakarmu ta matso da fuskarta kusa da wayar ta ce, "Maigidan, wa ya shanya muku zane a sama haka?" Yaya ya yi dariya ya ce, "Hajiya Kaka, ba shanya ba ce. Ta cikinsa ake turo mana iska mai sanyi." Ta yi shiru, sannan ta nuna ƙofar ɗakinta, inda ta rataye jiƙaƙƙen zane tun bayan azahar kamar yadda ta saba kowace bazara, ta ce, "Ashe su ma sun san dabarar."

Kowa ya yi dariya ban da mahaifiyarmu. Shekara biyu kafin wannan rana, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a wani ɗakin ajiyar kaya da ya fara aiki a cikinsa, wurin da rufinsa kwano ne, fankokinsa kuma iskar zafi kawai suke juyawa. Sai da ya kwana biyu a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. A wurinta wannan farin yadi shi ne dalilin da ya sa take iya barci da dare.

A lokacin ban daɗe da kammala digirina na farko a fannin tarihi ba, kuma maganar Kaka ta tsaya mini a rai. Shin akwai dangantaka ta gaskiya tsakanin zanenta da wancan bututun yadi, ko kuwa kama ce kawai, wadda Bahaushe ya ce ba ta wane ba ce? Da na bi sawu sai na tarar da tarihi mai tsawo, wanda ya ratsa Masar da Iraƙi da Bahar Maliya da Danmak. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne, a kowane zamani an san yadda za a kai wa mutum iska. Abin da ake jinkiri a kansa shi ne yanke shawarar wane mutum ne ya cancanci a kai masa.

Iska kafin zuwan inji

Mazauna hamada sun fara da gini. A zane-zanen Misirawan dā, waɗanda suka haura shekara 3,000, ana ganin gidajen manya da wasu bakuna masu kusurwa uku a kan rufi, suna fuskantar inda iska ke tasowa. Larabawan Masar sun kira wannan baki malƙaf, wato macafki, domin aikinsa cafke iskar arewa mai ɗan sanyi a sama, inda ƙura ba ta da yawa, ya gangaro da ita cikin ɗaki. Malamin nan Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Masar wajen shekarar 1200, ya ambaci yadda gidajen Alƙahira suke da irin waɗannan mashigan iska.

Farisawa kuwa hasumiya suka gina, suka kira ta badgir. A birnin Yazd da ke tsakiyar Iran, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, har yau hasumiyar lambun Daulat Abad tana tsaye, tsawonta ya haura mita 33, an kuwa kafa lambun ne a tsakiyar ƙarni na 18. Iskar da hasumiya ta cafko takan bi ta kan kududdufin ruwa a ƙasa kafin ta shiga ɗaki, kuma a nan asirin yake. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi, kuma kowace lita ɗaya da ta bushe takan janye zafin da ya kai kilojul 2,400 daga abin da ke kewaye da ita. Busasshiyar iska tana shan ruwa da sauri, saboda haka tana yin sanyi da sauri. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi da bazara, ya kuma ƙi sanyi sosai da damina, ke nan.

Sai dai hasumiya ta mai hali ce. Tana buƙatar magina da tubali da fili da shekaru. Wanda ba shi da waɗannan sai ya nemi abin da zai iya ɗauka a kafaɗa. A Dubai, attajiran da suka yi ƙaura daga garin Bastak na Iran a farkon ƙarni na 20 sun gina hasumiyoyin dutse da ake kira barjil, amma masunta da masu nutson lu'ulu'u da ke zaune a bukkokin ganyen dabino sanduna huɗu suke kafawa, su ɗaura algarara a jiki, su sami tasu hasumiyar. Idan zafi ya wuce sai su kwance ta su naɗe. Tun a nan yadi ya nuna halinsa: ba shi da nauyi, ba shi da tsada, ana iya jiƙa shi, ana kuma iya sauke shi a wanke.

Jiƙaƙƙen yadin halifa

Labarin da ya fi kusa da zanen Kaka a Iraƙi na same shi. Malam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo a cikin littafinsa na tarihi cewa sarakunan Farisa, da Umayyawa a bayansu, sukan sa a yaɓe rufin ɗakin hutawarsu da ɗanyen laka kowace rana ta bazara. A zamanin Halifa Abu Ja'afar Mansur, wanda ya yi mulki daga 754 zuwa 775, ya kuma kafa Bagadaza a 762, sai wazirinsa Abu Ayyuba ya sa aka jiƙa tufafi masu kauri aka shimfiɗa a kan firam ɗin katako. Halifa ya ji daɗin sanyin, ya kuma lura cewa da yadin ya fi haka kauri da ya fi riƙe ruwa. Daga nan aka koma ga wani kakkauran yadi mai kaushi, dangin algarara, wanda Larabawa ke kira haish, manyan Bagadaza kuma suka ɗauka.

Daga baya aka ƙara wa dabarar motsi. Akan rataye faffaɗan haish a rufin ɗaki, a yayyafa masa ruwa, a ɗaura masa igiya, wani ya riƙa ja yana saki. Na yi mamaki da na gane cewa wannan mafici ya daɗe a zauren gidanmu ban sani ba. A cikin Muƙamar Hariri, littafin da malamin Basra ya rubuta kafin rasuwarsa a 1122, wanda kuma almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, akwai jerin kacici-kacici a muƙamar Najran, ɗaya daga cikinsu a kan maficin haish yake. Kakanmu ya bar kwafinsa mai jajayen takardu, ya yi wa shafin ƙananan rubuce-rubuce a gefe. Shekara da shekaru malamai suna fassara wa ɗalibai wannan wuri cikin zafin bazara, suna share gumi da gefen rawani. Irin wannan maficin rufi ne Turawan mulkin mallaka suka tarar a Indiya da sunan panka, kuma daga wannan suna kalmarmu ta fanka ta samo asali.

Wanda littattafan ba su damu da shi ba shi ne mai jan igiyar. Yana zaune ne a waje ko a lungu, inda iskar da yake kaɗawa ba ta isa. Mai ɗebo ruwan da ake jiƙa yadin shi ma haka. A wannan zamani sanyi hidima ce da mutum da yawa ke yi wa mutum ɗaya.

Yadda yadi ya zama bututu

Har zuwa nan yadi labule ne ko mafici. A teku ya fara zama bututu. Matuƙan jiragen ruwa na ƙarni na 18 sun san cewa iskar can cikin jirgi tana kashe mutane, saboda haka sukan ɗinka dogon hannun riga da yadin jirgi, mai faɗin baki, su rataye bakin a sama yana fuskantar iska, jelar kuma su zura ta ƙasa. Iskar da kanta take kumbura shi, ta bi ta ciki ta sauka. Ba shi da inji, amma a siffa da aiki shi ne kakan abin da na gani a wayar Yaya.

A nan ma tambayar wa ya cancanta ta sake tasowa, cikin mummunan yanayi. Alexander Falconbridge, likitan da ya yi aiki a jiragen fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, ya wallafa shaidarsa a 1788, inda ya nuna cewa a cikin jirage ashirin da ƙyar a sami ɗaya mai wannan bututu. Ɗaruruwan mutane suna ɗaure a ƙasa cikin zafi da wari, alhali abin da zai sassauta musu bai wuce 'yan yaduddukan ƙyalle da allura ba.

Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka koma bin Bahar Maliya, tekun da hamada ta sa a tsakiya ta gabas da yamma. Ɗakin tukunyar jirgi, inda ake zuba kwal a wuta da shebur, ya zama wurin da Turawa da yawa suka kasa jurewa a wannan hanya. Kamfanonin jirage suka riƙa rataye bututun yadi don iska ta sauka, suka kuma riƙa ɗaukar Yamalawa da Somaliyawa daga tashar Adan su yi aikin wutar. Wato an magance rabin matsalar da yadi, sauran rabin kuma aka ɗora ta a kan wanda talauci ya hana shi ƙin aiki.

Ƙarƙashin ƙasa ma haka aka yi. A ramukan haƙar kwal na Birtaniya akan raba hanyar rami biyu da katako ko da yadi mai kwalta, iska mai kyau ta shiga ta ɓangare ɗaya, gurɓatacciya ta fita ta ɗayan. Ranar 16 ga Janairu, 1862, wani ƙaton ƙarfen injin famfo ya karye ya faɗa cikin ramin Hartley, ya rugurguza katangar katakon da ta raba shi, ya toshe hanya ɗaya tilo da ramin ke da ita. Mutum 204 suka mutu, yawancinsu saboda gurɓatar iska. A wannan shekara majalisa ta kafa dokar cewa kowane rami ya kasance da hanya biyu. Zuwa farkon ƙarni na 20, masu haƙar ma'adinai sun fara haɗa fankar lantarki da bututun tamfol mai lanƙwasuwa, wanda ake ƙara masa tsawo duk lokacin da rami ya ci gaba. A nan inji da yadi suka fara aiki tare.

Sanyi saboda zare

Na'urar sanyaya wuri ta zamani ba don mutum aka ƙirƙire ta ba. A 1902 Willis Carrier ya tsara na'urarsa ta farko don wata maɗaba'a a unguwar Buruklin ta birnin New York, saboda laima tana sa takarda ta kumbura, launukan tawada su ƙi hawa kan juna daidai. A 1906 kuma Stuart Cramer, injiniyan masaƙu a jihar Karolina ta Arewa, ya raɗa wa sana'ar sunan da ake kiranta da shi a Turance har yau. Damuwarsa ita ce zaren auduga da ke tsinkewa idan iska ta bushe. Ma'aikacin masaƙa ya sami sauƙi ne albarkacin zare, kamar yadda ƙadangare ke shan ruwan kasko albarkacin kaza.

Wannan sabuwar sana'a da ƙarfe ta tafi. Langa-langa mai rufin tutiya aka riƙa naɗewa ana yin bututu, ana huda masa tagogi nan da can. Ya yi aiki, ya kuma mamaye duniya, amma yana da aibobinsa. Yana da nauyi. Iska tana fita ne da ƙarfi ta 'yan tagogi, wanda ke ƙarƙashin taga ya daskare, wanda ke nesa ya yi ta gumi. Idan iska mai sanyi ta bi ta cikinsa a wuri mai laima, bayansa yakan yi raɓa kamar kwalbar da aka ciro daga firiji, ruwa ya riƙa ɗiga, tsatsa ta biyo baya. Cikinsa kuma ba ya wankuwa cikin sauƙi.

A hamadar Amurka talakawa ba su jira wannan na'ura mai tsada ba. Mutanen Arizona sukan rataye jiƙaƙƙun zannuwan gado a baranda su kwana a bayansu, daidai yadda Kaka ke yi. A shekarun 1930 suka fara ƙera akwatin da aka yi wa bango da jiƙaƙƙiyar algarara ko ɓawon katako, aka sa fanka a ciki tana zuƙo iska ta jikinsa. Jikan wannan akwati ne Larabawan Saudiyya ke kira mukayyif sahrawi, wato na'urar sanyi ta hamada.

Mayankar Danmak

Abin mamaki, bututun yadi na zamani a ƙasar sanyi aka haife shi. A farkon shekarun 1970, mayankun Danmak, ƙasar da tattalin arzikinta ya dogara ƙwarai da fitar da nama, sun shiga tsaka mai wuya. Dokar tsafta ta ce ɗakin yankan nama ya kasance da sanyi. Mahauta kuwa suna tsaye yini guda a ƙarƙashin iskar da ke bugun wuya da kafaɗa, suna ta ciwo suna fashin aiki. Bututun ƙarfe kuma yana tsatsa yana tara ƙwayoyin cuta a saman nama. Mafitar da aka samu ita ce a ɗinka bututun da yadi, ta yadda iska za ta tsattsafo ta dukkan jikinsa a hankali, ba tare da bugun kowa ba, idan ya yi datti kuma a kwance shi a kai injin wanki. Kamfanin FabricAir yana lissafa farkonsa daga irin wannan aiki a 1973. Da auduga aka fara, amma da yake auduga tana riƙe danshi tana ruɓewa, sai aka koma ga foliyesta. Sana'ar ta bazu: KE Fibertec a Danmak, DuctSox a Amurka, Prihoda a Jamhuriyar Cek.

A iya abin da na karanta, wannan ne karo na farko a wannan dogon tarihi da ciwon kafaɗar ma'aikaci ya shiga cikin dalilan da suka sa aka canza fasalin bututu. Ba tausayi kaɗai ya jawo haka ba. Mahautan Danmak suna da ƙungiya mai ƙarfi, kuma kowace ranar da mahauci ya kwanta ciwo asara ce da ake iya ƙirgawa.

Komawa hamada

A lokacin da ake wannan a Turai, Tekun Fasha yana canza kama. An tono man fetur a Damam a 1938. A 1975 Saudiyya ta kafa hukumar gina biranen masana'antu na Jubail da Yanbu, Dubai kuma ta buɗe tashar Jabal Ali a 1979, da yankinta na ciniki marar haraji a 1985. Ƙasar da ta saba da bangon laka mai kauri ta cika da rumfunan ƙarfe masu siririn rufi, a yankin da aka auna zafin digiri 53.9 a ma'aunin Salshiyas a Mitriba ta Kuwaiti ranar 21 ga Yuli, 2016. Miliyoyin baƙi daga Indiya da Pakistan da Bangaladash da Nepal da Afirka suka shigo aiki, Yayana ɗaya daga cikinsu.

Gwamnatocin yankin sun kafa dokokin hana aiki a rana. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara tata a 2005, kuma a yau tana hana aiki a fili daga 12:30 zuwa 3:00 na rana, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ƙatar ta faɗaɗa tata a 2021 zuwa daga 10:00 na safe har 3:30 na yamma. Amma waɗannan sa'o'i na mai aiki a fili ne. Wanda ke cikin rumfa ana ɗaukarsa yana inuwa, ko da inuwar ta kwano ce da rana ta gasa tun hantsi. Lafiyarsa ta rataya ne a kan yadda aka tsara iskar ginin.

Ga yadda bututun yadi ke aiki a irin wannan wuri. Ana rataye shi a jikin wayar ƙarfe ko siririn dogo, gunduwa-gunduwa, ana haɗa su da zif. Fanka ce ke kumbura shi, da matsin da yawanci bai wuce faskal 120 ba, kwatankwacin nauyin ruwan da zurfinsa milimita 12 ne. Iska tana fita ta saƙar yadin, ko ta dubban ƙananan huji da aka ƙona da hasken leza a jere, an lissafa girmansu da inda suka fuskanta don iskar ta sauko daidai inda mutane ke tsaye. Murabba'in mita ɗaya na yadin bai cika wuce giram 300 ba, alhali langa-langa mai kaurin milimita 0.8 ya haura kilo 6. Ga rumfar da rufinta ba ya ɗaukar nauyi, wannan bambanci babba ne.

Hamadar kuma iri biyu ce. A cikin ƙasa, kamar Riyad, iska busasshiya ce. Idan zafi ya kai digiri 42, laima kuma kashi 15 cikin 100, na'urar hamada mai kyau tana iya sauko da iskar zuwa wajen digiri 26 da ruwa da fanka kawai. Irin wannan na'ura iska mai yawa take turowa, kuma faffaɗan bututun yadi ya dace da rarraba ta. A bakin teku kuwa, kamar Dubai da Doha da Damam, bazara tana zuwa da laima mai nauyi, jiƙaƙƙen yadi ba ya sanyaya komai, dole sai na'urar gas. A can amfanin yadi daban ne: iskar da ke tsattsafowa ta jikinsa tana hana iska mai laima taɓa shi, don haka ba ya raɓa, gishirin teku kuma ba ya sa shi tsatsa.

Ba zan yi wa tarihi adalci ba idan na ɓoye iyakarsa. Yadi ba ya sanyaya iska, rarraba ta kawai yake yi. Turawa yake yi, ba ya zuƙa, don haka hayaƙi da tururin sinadarai sai an fitar da su ta wata hanya. Hasken rana yana cin foliyesta, saboda haka ba a shimfiɗa shi a waje. Dole a saƙa shi da zaren da ba ya kama wuta da wuri. Idan lantarki ya ɗauke sai ya saki jiki ya rataye kamar wanki. Na'urar hamada kuma ruwa take sha: wadda ke tura iska mita kubik 10,000 a awa tana iya shanye lita 70 a cikin wannan awa, a ƙasar da ake tace ruwan teku kafin a sha. Babban abokin gaba kuwa ƙura ce. Idan ba a sa matata mai kyau a gaban fanka ba, ba a kuma canza ta a kan kari, saƙar yadin takan toshe, iska ta ragu, farin yadi ya koma ja. Yaya ya gaya mini cewa a wurinsu akan sauke shi a wanke kafin shigowar zafi, kuma ma'aikata da kansu suke tuna wa shugaban sashe idan lokaci ya yi, domin su ne suka san yadda wurin ke zama idan aka yi sakaci.

Kammalawa

Na fara da tambaya a kan ko zanen Kaka da bututun Riyad dangi ne. Amsar da na samu ita ce, ba uwa ɗaya ta haife su ba. Injiniyoyin Danmak ba su karanta Ɗabari ba, matuƙan jirage ba su ga bukkokin Dubai ba. Amma duk lokacin da mutum ya rasa iska, ya duba abin da ke kusa da shi mai sauƙin ɗauka, mai barin iska ta ratsa, mai wankuwa, hannunsa a kan yadi yake sauka. A masana'antar da Yaya ke aiki dabarun biyu sun haɗu a rufi ɗaya: jiƙaƙƙen bango irin na Halifa Mansur yana sanyaya iskar a waje, hannun rigar matuƙan jirgi kuma yana rarraba ta a ciki.

Abin da ya canza cikin shekara 1,200 shi ne wanda ke zaune a ƙarƙashin yadin. Dā halifa ne, mai jan igiya yana waje. Yau, a wuraren da aka yi abin da ya kamata, jikan mai jan igiyar ne a ciki. Wannan sauyi bai zo da kansa ba, kuma bai gama zuwa ba. Sai da mutum 204 suka mutu a Hartley aka haƙa hanya ta biyu, sai da mahauta suka yi ta kwanciya ciwo aka ɗinka bututu, kuma ɗakin ajiyar da Yayana ya faɗi a cikinsa yana da 'yan'uwa da yawa.

Wasu daga cikin 'yan'uwan nan a gida suke. Zafinmu na Maris zuwa Mayu busasshe ne irin na Riyad, ƙurarmu ta hunturu ba ta gaza tasu ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga rumfar kwano ta injin casar shinkafa ko ta narka roba da tsakar rana ya san abin da nake nufi. Mu ne kuma mutanen da Heinrich Barth ya tarar a 1851 suna saƙa da rini ana kai tufafinsu har Tambutu da Tarabulus, muka kuma buɗe masaƙar zamani a Kaduna a 1957. Ba mu rasa madinka ba, ba mu rasa masu lissafi ba. Abin da ya rage shi ne mai masana'anta ya sa gumin lebura cikin lissafinsa tun ranar da ake zana ginin.

Kaka ta rasu da damina ta bara. Da aka zo rabon kayanta na roƙi a bar mini wannan zane, wanda ruwa da rana suka cinye launinsa. Da bazarar bana ta shigo, mahaifiyarmu ta karɓe shi daga hannuna, ta tsoma shi a bokiti, ta matse, ta rataye a ƙofar ɗakin da ƙannena ke barci.